Ranar Jeren Na'ima

Ƙarar kwanuka Alhaji Sahabi ya fara ji kafin ya ga babur ɗin. Yana tsaye a ƙofar gidan da za a kai 'yarsa Na'ima, sai ga ɗan kabu-kabu ya shawo kwana da buhu ɗaure a baya, yayarsa Hajiya Lubabatu na zaune ta rungume wani.

Ta sha ado. Ta yi ɗaurin ɗankwalin nan nata mai karkata hagu, wanda har gobe matan Illela da na Ƙonni ke kira "Lubabatu ta fito". A zamaninta amarya ba ta cika amarya ba sai ita ta yi mata jere, ta hau turmi ta tsara kwanuka tun daga ƙasa har rufi, ja na bin shuɗi, ango ya shigo ya rasa inda zai sa ido.

Sahabi ya kau da kai. Shi ya ce mata Alhamis za a yi jeren. Jiya Laraba kuwa ya kawo 'yan kamfani daga Sakkwato, suka zuba kujeru da labule ruwan toka, suka tafi. Dangin ango 'yan birni ne yanzu, ya ji tsoron su ga kwanon samira a bango su yi dariya. Ya yi niyyar aika mata da wani uzuri da safe, ciniki ya ɗauke masa hankali.

"Sahabi, kama mini," in ji ta. "Na Inna ne. Mako guda ina goge su."

Ya karɓi buhun. Ta yi gaba, ya bi ta har ƙofar ɗaki.

Ta tsaya. Ta dubi bango fes, babu ko ƙusa. Ta dubi labule, ta dubi gadon da ya cinye rabin ɗakin. Mata cike da tsakar gida suka zuba mata ido.

Uwar ango, Hajiya Jamilatu, wadda Lubabatu ta yi wa jere a Ƙonni tun suna 'yan mata, ta taso ta riƙe hannunta.

"Yaya Luba, mi ya hana ki zuwa jiya? Mun yi ta duban hanya. Na ce ɗakin da hannunki bai taɓa ba, ai shago ne."

Lubabatu ta waiwayo ta dubi ƙanenta. Kallo ɗaya. Sahabi ya sunkuyar da kai yana jiran ta faɗa, ya san in ta faɗa, kafin la'asar labari ya tsallaka iyaka.

"Tsufa ne, Jamilatu," ta ce tana murmushi. "Sau biyu yaron nan ya aiko mini cewa Laraba ce, na shafa'a. Da ya ga ban zo ba, ai dole ya nemi wasu. Ku dubi labulen nan, wallahi sun iya."

Mata suka yi dariya, ana tsokanarta da cewa kai ya fara zuba. Ta biye musu, har da tafa hannu.

A waje, ya ɗaure mata buhun a bayan babur da kansa.

"Yaya, ni..."

"Ja igiyar da kyau," ta ce, ba ta dube shi ba. "Hanyar akwai gargada, kada su ƙwarzane."