Auta Mai Kai Ƙarar Matattu

Shekarar da Auta ta cika sha biyar, gwamnatin Uban Kowa ta lura cewa daɗi ya yi wa talakawa yawa, sai ta buɗe Ofishin Kwanciyar Hankali a kowace unguwa. Dokar mai sauƙi ce: duk wata, kowane bene ya miƙa sunan mutum ɗaya da aka ji yana gunaguni. Benen da ya ƙi, a rufe masa famfo.

Da baban Auta aka buɗe fage. Mai gyaran rediyo ne, laifinsa kuwa ya gyara wata ta gyaru fiye da kima, har ta kamo tashar da ba a so. Aka zo da mota da hantsi, aka ce minti biyar ne kawai. Bayan mako biyu aka aiko wa Inna takalmansa, haɗe da takardar godiya bisa haɗin kan da iyali suka bayar.

Auta ta yi kuka har muryarta ta dishe. Maƙwabta suka fara rufe tagogi, don kuka ma gunaguni ne. Ta koma yin abinta a banɗaki, daga baya ta daina.

Da wata ya zagayo, mutanen benen suka taru a gindin matakala, kowa na kallon ƙafar ɗan'uwansa. Tela, wanda ke zura zare a allura ba tabarau, ya ce idonsa ba ya ganin rubutu. Auta ta miƙa hannu ta karɓi takardar rubuta sunan.

"Ke! Wa za ki rubuta?" in ji Inna.

"Kaka."

"Kakanki da ya shekara uku a ƙasa?"

"To Inna, sai su je su kamo shi."

Dabarar ta ci ne saboda gwamnati ta daɗe da rufe rajistar mutuwa, wai yawan mace-mace na ɓata sunan ƙasa. A takarda kowa na nan da ransa, garau.

Ofishin ɗaki ne guda, da fankar da ba ta juyawa, da wani mutum mai tumbi da ake kira Mai Hatimi. Auta ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, tsohon akwai taurin kai. Shekara uku bai fito gaida tuta ba."

Aka turo dakaru shida. Suka ɗaga katifa, suka leƙa tukunya, suka rubuta cewa ya tsere. Ruwa ya ci gaba da zuwa.

Wata na gaba ta kai ƙarar uwar Tela, sannan mijin mai wankau. Matattun benen suka zama riƙaƙƙun 'yan tawaye, mutanen da a rayuwarsu ko kaza ba su taɓa yi wa tsawa ba.

A wata na takwas Mai Hatimi ya duba takardar, ya ce ta turo ƙofa.

"Yarinya, wannan da kika kawo surukina ne. Da kafaɗar nan na ɗauki makararsa."

Fuskarta ko gezau.

"Ashe ranka ya daɗe ka san inda ya ɓuya, ba ka faɗa ba."

Ya ƙura mata ido, ya daɗe. Can ya buga hatimin.

"Na sama sun ce unguwar nan ta cika shiru. Ki riƙa kawo biyu."

Daga nan Auta ba ta sake rasa gidan makoki ba. Mata na kuka, ita tana tambayar cikakken sunan mamaci, fensir a bayan kunne. In maƙwabci ya yi tari, sai ta waiwaya ta dube shi.

"Kin zama ungulu," in ji Inna.

"Ungulun ce ke kawo ruwan da kike alwala da shi."

Auta ta so ta ba ta haƙuri, ta nemi kalmar a bakinta ta rasa.

A shekara ta biyu matattu suka ƙare. Saura kwana uku wata ya cika, suna ɗaya bai samu ba, mutane suka koma ratse wa juna a matakala. A ɗakin baya kuwa Gwaggo, yayar baban Auta, tana kwance, ƙirjinta na ƙara kamar tsohon injin niƙa. Auta ta kai mata ruwa da la'asar, ta tsaya a bakin gado ba ta fita ba.

"Cire fensirin nan ki zauna," in ji Gwaggo. "Na ga kina auna ni tun jiya."

"Gwaggo, wallahi ba haka..."

"Rufe mini baki. Ba zan kai jibi ba, ki rubuta ni. Amma ni ba za a yi mini ƙazafi ba. Buɗe taga."

Auta ta buɗe. Tsohuwa ta tattara sauran numfashinta ta soma da Uban Kowa, ta bi ta kan hancinsa, ta gangara kan ministocinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye su inda suka kai mata ƙane. Ba wanda ya rufe taga a benen. Daga hawa na uku aka ji wani ya ce amin.

Auta na rubutawa tana dariya, har ta ga hawayenta sun jiƙa fom ɗin.

Washegari da safe Gwaggo ta cika. Aka rufe ta kafin azahar, Auta ta wanke fuska ta tafi ofis. Mai Hatimi ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya sake komawa kan wurin hanci.

"Wannan duk ita ta faɗa?"

"Har da wanda takarda ba ta ɗauka ba, ranka ya daɗe."

Ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa, ya ba ta sabon fom.

"Rubuta suna kawai. Wancan zan kai wa matata ta gani."