Jegon Akawu Laurent

Duk safiya, kafin Magdalena ta gama share tsakar gida, hayaƙi yakan tashi daga bayan farin gidan da ke gindin dutse. Sai ta dakata da tsintsiya a hannu, ta yi ta kallonsa. Ta san abin da ke kan wutar nan. Tukunyarta ce.

Mijinta marigayi, Zakariya maƙeri, shi ya ƙera ta da ƙarfen tankin wata motar kaya da ta mutu a hanyar Ƙonni. Sai ƙarti sun taru suke iya ɗaga ta. Ba a taɓa tuƙa tuwo a cikinta ba, aikinta ɗaya ne, dafa ruwan wankan jego. Idan mace ta haihu a unguwar, Kirista ce ko Musulma ko 'yar bori, kafin a binne mabiyiya an aiko a ɗauki tukunyar Magdalena. Cika ɗaya yakan isa wankan safe, ruwan bai huce ba har a gama. Rabin yaran da ke guje-guje a wannan gefe na Dogon Dutsi, uwayensu da ruwanta suka yi arba'in.

Farin gidan kuwa na wani Nasara ne da ya koma ƙasarsu bayan an sami 'yancin kai. Aka ba Laurent, ɗan garin, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Yamai ya dawo babban akawu. A bayan makewayin gidan akwai wata gangar jan ƙarfe a kan murhun bulo. A hura wuta a ƙarƙashinta, mutum yana ciki ya murɗa famfo, ruwan zafi ya zubo masa ta bututu. Laurent ya fi son gangar nan da duk abin da Nasaran ya bari. Ɗarin farko da ya yi a gidan, gangar ta tsage daga wuya har gindi.

Ran Lahadi bayan an tashi daga majami'a, ya tare Magdalena a bakin ƙofa.

"Inna Magdalena, na tambayi kuɗin sabuwa a Yamai. Ya fi ƙarfin albashina, kuma wai sai jirgin ruwa ya kawo ta daga Faransa. Ki ara mini tukunyarki."

"Ɗana, ɗiyata Colette ta shiga watanta. Yau ko gobe ne."

"Wanga zamani ya wuce, Inna. Babu likitan da ya ce a riƙa dafa mace kamar kaza."

"To kai mi ya sa kake son a dafa ka?"

Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Laurent bai yi ba.

Kafin Lahadi ta zagayo, gardi Ɗantala, ɗan sandan gwamnati, ya iso da amalanke da 'yan kaso, wato fursunoni. Ya ƙi haɗa ido da ita. Ya ce an bincika, motar da Zakariya ya yanka ta gwamnati ce, saboda haka tukunyar ma ta gwamnati ce. Magdalena ta riƙe kunnen tukunyar har sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Colette, 'yarta tilo, ta haihu cikin tsananin ɗari. Haihuwar fari ce, a gidan uwarta. Suka tattaro tukwanen ƙasa na maƙwabta, wannan ta tafasa waccan ta huce, wata ta fashe a kan wuta. Kafin a jiƙa ganyen sabara a watsa mata sau biyu, ruwan ya zama na wanke hannu. Yarinya ta riƙa fitowa daga makewayi haƙora na kaɗawa. Sai ƙafafu suka kumbura, tari ya kama ta, daga baya nono ya ɗauke. Matan unguwa suka ce sanyi ne ya shige ta. Jaririn kuma ya koma kan madarar da Hure Bafulatana take kawowa daga ruga, a ɗiga masa da ludayi, yana sha yana kuka.

Magdalena ta ɗaura zane ta tafi farin gidan da sassafe, da niyyar roƙo. Ta bi ta baya, can ta tarar da tukunyarta. An gina ta cikin bulo har wuya, an huda ta wuri biyu an zura bututu. Tana nan tsaye sai ga Laurent ya fito, tawul a wuya, jikinsa na tururi, yana fito da baki.

"Inna, in an aiko kuɗin gyara daga Yamai, za a mayar miki. Ki yi haƙuri."

"Ɗiyata na mutuwa."

"A kai ta asibiti mana."

Ya shige ciki. Magdalena ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har ta ga mai hura wutar ya ƙara itace, sannan ta juya. Tun daga ranar ko a majami'a ba ta iya furta gafara a cikin addu'a, in an zo wurin sai ta rufe baki. Ta yi tunanin zuba masa tsakuwa a bututu. Ta yi tunanin abin da ya fi wannan muni. Amma duk abin da ta ƙulla, ƙarshensa kaso ne, kuma ba mai riƙe mata jariri.

Iya Ajuma ce ta buɗe mata hanya, ba da niyya ba. Tsohuwar ungozoma ce, ita ta yanke cibin rabin garin, har da na Laurent. Tana zaune tana matsa ƙafafun Colette, Magdalena ta ba ta labarin tururin da ta gani.

Tsohuwa ta saki ƙafar. "Tsaya. Shi da kansa yake wanka da ruwanta? Tukunyar da namiji ko hannu bai taɓa wankewa a ciki ba?" Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! To mi ya haihwa, da ba a gaya muna ba?"

Colette ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Magdalena ta juya ta dubi tsohuwar.

"Iya," ta ce daga bisani, "ashe mun yi rashin kirki. Mai jego a gari, ba mu je barka ba."

Ta bi gida gida, duk inda tukunyar ta taɓa kwana. Ba ta roƙi kowa ba, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce ranar kasuwa za a je barka, kowa ta zo da abin da ya sawwaƙa. Ta sayar da akuyarta ta sayi ƙafar saniya, ta dafa ƙauri da yaji mai yawa. Ta dama kunun kanwa cike da masaki.

Ranar kasuwa gaban biro, ofishin su Laurent, yakan cika: masu gari daga Ɗan Kassari da Geceme, fatake, masu ƙara, direbobi. Hantsi ya ɗaga, Laurent yana tsaye a baranda cikin farin wando yana sallamar wani mai gari, sai aka ji guɗa daga bakin hanya. Mata ne, jere, kowace da kaya a ka. Ƙwaryar kunu, damin ganyen sabara da na tsamiya, sabulu, yaji, har da ɗan zanen goyo. Iya Ajuma na gaba tana dogara sanda. Magdalena na can ƙarshe, ɗauke da ƙauri.

"Barka da arziki, mijina!" in ji tsohuwa, da muryar da ta kai har rumfunan mahauta. "An sauka lahiya? Ya ruwan zahi?"

"Iya, mene ne haka?"

"A'a, kada ka tsaya cikin iska, ɗanyen jiki gare ka! Ku kawo mishi kujera. Namiji munka samu ko mace?"

Wata ta ajiye ganye a gabansa. "A riƙa gasa cikin da kyau, ranka shi daɗe, na ga bai koma ba."

"Nono ya zo kuwa?" wata ta tambaya daga baya.

Wani mai gari ya tura rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Direbobi kuwa ba su ɓoye ba, har da masu dukan cinya. Laurent ya juya ya daka wa Ɗantala tsawa da Faransanci. Gardin ya matso, ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Ranka shi daɗe, in kama su da laihin mi? Gaisuwa sunka kawo. Waccan mai jan kallabi ma uwata ce."

Iya Ajuma ta ɗaga sandarta. "Wanga hannu ya yanke cibinka, Laurent. In kaso za ka kai ni, tai mu tahi, amma ka fara shan kununka tun da zahi."

Sai Magdalena ta fito, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, ta ajiye ƙaurin a kan matakala. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na Colette ne. Ba ta iya ci. Na ce tun da kai kake mata wankan, ka ci mata wannan ma."

Nan dariyar ta tsaya. Laurent ya shige biro ya rufe ƙofa.

Kafin la'asar sunan ya gama kasuwa. Babu wanda ya ƙara cewa akawu, sai Maijego. In ya wuce a kan mobilet, ɗan babur ɗinsa, mata a bakin rijiya su yi masa sannu da ruwan zafi. Masu ƙara suka riƙa tambayar Ɗantala ko ya fita arba'in, a shigo. Hayaƙin bayan farin gida ya ɗauke. Laurent ya sayar da mobilet da dokin da ubansa ya bar masa, ya aika Yamai a kawo sabuwar ganga. Wata safiya 'yan kaso suka sauke tukunyar a ƙofar Magdalena, baƙa ƙirin, da hudojinta biyu.

Ta duba hudojin, ta sa yatsa a ciki. Ta shiga ta dama kunu.

Kullum da safe ana buɗe biro, za a tarar da ƙwaryar kunun kanwa a kan matakala, a rufe da faifai. Iya Ajuma ta ce mata ya isa haka. Magdalena ta ce ba a yanke wa mai jego kunu a tsakiya.

Ƙarshe Laurent ya zo da kansa, a ƙafa, ya tsaya a zaure da hula a hannu. Ya rame.

"Inna, na mayar miki. Mi kike so kuma?"

Ta ɗaga labulen ɗaki. Colette na zaune a jingine da bango, ta fara tashi amma kamar kara, tana ɗiga wa ɗanta madarar shanu da ludayi.

"Nononta nike so. Ka aika Yamai a kawo."

Ya sa hularsa, ya fita.

Shi ya nemi a canja masa gari. Sabuwar gangar ta iso ana saura kaɗan ya tashi, ko kwance ta daga akwati bai yi ba, ya bar wa wanda zai gaje shi. Ranar tafiya Magdalena ta je tasha da wuri, ta sami Mahamadu direba yana ɗaure kayan akawu a saman mota. Ta miƙa masa goro da damin ganyen sabara.

"In kun isa, ka ba matan garin wannan. Ka gaya musu baƙonsu bai gama wanka ba, su kula da shi."

Mahamadu ya karɓa, ya soke ganyen a saman kaya inda kowa zai gani.

Wani maƙeri ya toshe hudojin da darma, ɗaya ta kama, ɗaya ba ta kama sosai ba. Da matar maƙwabcinta ta haihu, Magdalena da kanta ta hura wutar. Ruwa ya riƙa ɗiga daga tsohuwar hudar yana faɗawa cikin garwashi, cuu, cuu. Maigidan ya ce bari a nemo wani maƙerin ya sake gyarawa.

"Bar ta haka," in ji Magdalena, ta tura wani itacen. "Ina son in riƙa ji."