Gilashin da Yake Ƙifta wa Fiddausi Ido

"Umma, me ya sa talabijin ɗin Abba yake ƙifta min ido?"

Munira tana tsinke zogale a ƙofar falo lokacin da Fiddausi, 'yarta mai shekara biyar, ta jefo mata tambayar. Dariya ta yi, ta ce wataƙila shi ma surutunta ne ya ishe shi. Wannan dariyar har yau ba ta yafe wa kanta ita ba.

Ba talabijin ba ne ma. Monita ce, gilashin kwamfutar mijinta Abdurrahim, wanda da ita yake tace bidiyon bukukuwa a gidansu na Takur, idan ya gama aiki kuma ya buga gem ɗin tseren motoci. A watan ne ya sayo sabon katin girafik daga Kano, ɗan ƙarfen nan da ke zana hoto a cikin kwamfuta. Katin ya cinye aljihunsa, sai ya haɗa shi da wata tsohuwar monita 'yar gwanjo. Da bakin wayarsu bai zo ɗaya ba, ya sa adafta a tsakani. Hoton kan yage, ya ɗauke, ya dawo. Ya ce ai da haƙuri za a yi.

Ranar Laraba da hantsi Munira na wanke-wanke ta ji Abdurrahim ya ƙwala mata kira da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Ta tarar da Fiddausi a ƙasa, jiki a sandare, idanu sun kafe sama, ƙafafu na bugun leda. Bayanta motocin nan na ta gudu a gilashi.

Iya, surukarta, ta bugo waya daga Aujara ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Munira ta ce, "To, Iya, a taya mu da addu'a," tana kan babur a hanyar asibiti.

Bayan gwaje-gwaje likita ta ce akwai yaran da haske mai walƙiya ke tayar musu da farfaɗiya. Ta ba da magani, ta ce a raba yarinyar da gem. Ta ƙara da cewa idan haske irin wannan ya rutsa da ita, a rufe mata ido ɗaya ruf da tafin hannu, a juyar da fuskarta.

Munira ta so a fitar da kwamfutar daga gidan gaba ɗaya. Amma da ita ake cin abinci, gidan kuma ciki da falo ne, yarinya ba ta da wata hanyar wucewa. Monitar ce za ta tafi. Kwana uku Munira tana bincike a wayarta, ta rubuta abu uku a bayan katin asibiti: waya ɗaya kai tsaye ba adafta, gilashin da zai iya bin saurin katin girafik, da hasken da ba ya rawa.

Suka ɗora kwamfutar a babur zuwa shagon wani Abdulkahar a cikin gari. Da Fiddausi aka tafi, don tun ranar Laraba ko banɗaki uwar ba ta barin ta ita kaɗai. Ta zaunar da ita a benci, fuska na kallon titi.

"Ango mai bidiyo!" in ji Abdulkahar. "Yau har da uwargida? To lallai ciniki zai yi zafi."

Ya sauko da wata ƙatuwar monita, inci talatin da biyu, ya ce ita ce mafi araha a shagon don ta sha hannu kaɗan. Munira ta ga yadda idon mijinta ya yi haske.

"Abban Fiddausi, ba girma muka zo saya ba."

"A gwada dai, Hajiya," in ji mai shago. "Gwaji kyauta ne."

Tana laluben katin asibitin a jaka ya riga ya jona, ya kunna gem ɗin. Ƙugin mota ya cika shagon. Wane yaro ne zai ji wannan bai waiwaya ba?

"Umma, wannan ma yana..."

Maganar ta tsaya nan. Munira ta juyo ta ga yarinyar tsaye, baki a buɗe, ido a kafe kan gilashi. Ba ta san lokacin da jakar ta faɗi ba. Ta danne mata ido ɗaya da tafin hannu, ta juyo da ita, ta lulluɓe ta cikin hijabinta.

"Kashe! Malam, ka kashe!"

Abdurrahim ya fizge wayar wuta daga bango. Shagon ya yi tsit. Munira na durƙushe, tana jin ɗan jikin nan a ƙirjinta, tana jiran ya sandare kamar na ranar. Bakinta na motsi, addu'ar ta ƙi fita. Ta taɓa ƙafar yarinyar. Ta taɓa hannun. Wani mai rake ya wuce yana kirari a waje.

"Umma, kin matse ni. Zafi nake ji."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Abdulkahar ya daina wasa. Ya kai su shagon wata tela a maƙwabta, aka zaunar da Fiddausi cikin ɗinkuna, Munira ta dawo. Ta sa aka sake kunna ƙatuwar, aka rage haskenta, ta ɗauke ta bidiyo da wayarta a tsarin nan mai tafiya a hankali, dabarar da ta karanta. Suka haɗa kai su uku a kan wayar, suna kallon bidiyon. Baƙaƙen layuka ne ke gangarowa, layi bayan layi, abin da idonsu bai gani ba.

"Wallahi shekara takwas ina sana'ar nan," in ji Abdulkahar, "ban taɓa lura da wannan ba."

Monita huɗu suka gwada. Ta huɗun ƙarama ce, inci ashirin da huɗu, ba ta da ado, kuɗinta ya ɗan ɗara na ƙatuwar. Wayar monitar ta shiga katin girafik kai tsaye. Hoton bai yage ba, bidiyon da Munira ta ɗauka ma ya fito tas. Abdurrahim bai ko taya ba, ya ce a ɗaure.

A gida Munira ta juya teburin ya fuskanci bango, ta rataya labule. Ba a kunna gem sai Fiddausi na makaranta, don likita ta gaya mata walƙiyar cikin wasan kanta ta isa, komai kyan gilashi. Har yanzu idan ta ji shiru a falo, sai ta ajiye ludayi ta leƙo.

Ke da kike karantawa, kai ma mai sayen kayan: kada arha ko girma su ruɗe ku. Ku gwada monita da katinku tun a shago, ku bar yaro a waje. In kuwa ɗanku ya ce gilashi yana ƙifta masa ido, kada ku yi dariya. Ku kashe shi nan take, ku kai yaron wurin likita.