Ɗorawar Zulai a Gonar Sabiru

"Sabiru, kai ɓarawo ne! Na faɗa yau, gobe ma in Allah ya kai mu zan maimaita!"

Inna Hure ce tsaye a ƙofar zauren mai unguwa, sanda a hannu, mayafi ya zame ya koma kafaɗa ɗaya. Maza na zaune a kan tabarma bayan la'asar. Sabiru, wanda ake zagin, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa kamar zai tatsi ruwa a cikinta.

Mai unguwa Uwaisu ya ce, "Haba Inna, a yi sallama tukuna mana."

"Salamu alaikum. Sabiru ɓarawo ne."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Gonar dai ta Sabiru ce, babu mai musu, gadonta ya yi. Ya sayar wa wani Alhaji daga birni da zai yanka ta fuloti-fuloti, yadda kowa ke yi tun da gari ya fara cinye gonakin bayan Ungogo. Amma ɗorawar da ke tsakiyar gonar ba tasa ba ce. A nan ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Ko yaron goye ya san haka. Ɗorawar ta Zulai ce, maƙwabciyar Hure, wajen uwarta ta gaje ta, kuma shekara arba'in da 'ya'yan itacen take yin daddawa. Sabiru bai gaya wa Alhaji ba. Ranar Talata masu inji suka zo, kafin azahar itacen yana ƙasa, 'ya'ya jingim a jikinsa, saura 'yan kwanaki a kaɗe.

"Wallahi Inna, mantuwa ce," in ji Sabiru. "Mutumin birni in ya sayi gona, gani yake har tsuntsun da ke shawagi a kanta ya saya."

"Mantuwa? Itacen da ka sha garinsa har hancinka ya koma ruwan ɗorawa? Ni na sha share maka majina a gindinsa!"

"To yanzu me kike so a yi?" mai unguwa ya tambaya.

"Ya je ya faɗa da bakinsa cewa ba tasa ba ce. A gaban Zulai, tun kunnenta yana ji. Ba ta da sauran kwana da yawa, kowa ya sani."

Mai unguwa ya shafa gemu. "Inna, mai itace ba ta kawo ƙara ba. Ke ba uwarta ba, ba 'yarta ba. In Zulai ta ce a yi magana, sai a yi."

Hure ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ja tsakin da ya tashi kajin bakin zaure, ta juya.

Ba ta bi ta ƙofar gidan Zulai ba. Akwai inda katangar da ke tsakaninsu ta zube tun wata damina shekara talatin da suka wuce, babu wanda ya ga dalilin gyarawa. Ta nan ta tsallaka.

Zulai na kwance a inuwar rumfa. Tun bayan kaka ciwo ya kayar da ita, ƙafafu suka kumbura, aka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce a mayar da ita gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so. 'Yarta Ramlat ta baro mijinta a Ɗambatta ta zo jinya. Ramlat ɗin ce ke shafa mata man kaɗe, ita kuma tana magana da ƙafafun nata.

"Sannunku da aiki. Ke ta hagu, ke kika fi shan wahala, na sani. Kasuwar Dawanau sau nawa kuka kai ni da tukunya a ka? Ba ku taɓa cewa a'a ba. Yanzu kun ce a huta, to a huta."

"Kin fara haukan naki," in ji Hure.

"Wa zai gaishe su in ban gaishe su ba? Ke za ki gaishe su? Zauna ki ba ni labari, tun daga nan na jiyo muryarki."

Hure ta zauna ta zayyana mata. Da ta kai wajen sallamar, Zulai ta yi dariya har sai da Ramlat ta tallafe ta aka ba ta ruwa.

"Ba abin dariya ba ne," in ji Hure. "Kalma ɗaya za ki faɗa, in kai wa Uwaisu. Ki ce kina ƙara."

"Ai na yafe."

"Kin ya me?"

"Hure, itacen nan ya ci da ni da 'ya'ya biyar bayan Malam ya rasu. Biyu na binne, da kuɗin daddawa na sayi likkafaninsu, ban roƙi kowa ba. Shi ya yi wa Ramlat gado da katifa. Shekara arba'in ban taɓa ba shi ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Yanzu ni zan tafi, shi ma ya tafi. Wa ya cuci wa?"

"Sabiru ya cuce ki!"

"To, Allah ya shirye shi. Ni dai 'ya'yan itacen nake so. Suna can a ƙasa awaki na ci. A kwaso min, in yi ta ƙarshe."

Hure ta tashi tana faɗa, tana faɗan ta ɗauki buhu. Kafin magariba ita da matan unguwa sun kwaso buhu uku, suka jawo har da rassan da masu inji suka bari.

Kwana biyu gidan ya koma kamar gidan biki. Aka ɓare, aka daka, aka fitar da garin, yara suka wawashe. Aka wanke kalwa, aka ɗora babbar tukunya tun hantsi, da itacen ɗorawar aka hura wutar. Zulai na kwance tana ba da umarni kamar sarkin yaƙi.

"Ramlat, ƙara wuta, ba kunun jinjiri kike damawa ba! Hure, wannan surfen ne ko lallashi? Bugi turmin nan, ki ɗauka kan Sabiru ne."

Hure ta buga har taɓarya ta yi ƙara. Mata suka yi shewa. Wata ta ɗauko waƙar daka, aka karɓa, Zulai na kaɗa yatsa a gefen tabarma. Da numfashi ya gaza mata sai ta dafa ƙirji ta ce, "Yi a hankali, Zulai, ba kora ake yi ba," ta rufe ido, can kuma ta buɗe ta ci gaba da neman laifin wutar.

Aka sake dafawa, aka tsane, aka zuba a kwando aka lulluɓe. Sai jiran kwana uku.

Ranar da aka buɗe, wari ya cika gida ya tsallaka katanga. Aka kawo wa Zulai a faifai. Ta shaƙa, ta lumshe ido, ta mutsa ɗaya tsakanin yatsu.

"Ta yi. Alhamdu lillahi, ta yi. Sannu Zulai, hannunki bai mutu ba."

"Hannun wa?" in ji Hure. "Wa ya yi surfen?"

"Ke kin yi ƙarfi, ni na yi ilimi."

Ramlat ta kaɗa miyar kuka da sabuwar daddawa. Zulai, wadda ta kwana huɗu ba ta ci komai ba sai kunu, ta ci loma uku ta tuwon dawa, ta suɗe yatsa. Ta tura wa Hure kwanon. Hure ta tura shi gefe.

"Ramlat ta ce tun ranar Talata ba ki ɗora tukunya a gidanki ba," in ji Zulai.

"Ramlat ta ji da gidan ubanta."

Ramlat ta ɗauki kwanuka ta yi bakin rijiya. Hure ta shiga tsinke zaren tabarma. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ni na ba su ruwa."

"Su wa?"

"Masu injin. Ta ƙofata suka bi. Na ɗauka darbejiyoyin bakin hanya za su rage. Suka ce Inna a taimaka da ruwa. Na ba su na randa, mai sanyi. Na dama musu fura. Har na ce Allah ya ba da sa'a." Ta nuna ƙirjinta. "Ni, Hure, da bakina. Ina jin kukan inji ina tsintar wake. Da na tambaye su kalma ɗaya, da na kwanta a gindin ɗorawar, sai dai su yanka da ni."

Kafaɗun Zulai suka fara rawa. Hure ta ɗago a tsorace, ta ɗauka ciwon ne. Dariya ce.

"Ai duk unguwa an sani. Sun gaya wa mai shayi wai furarki ba ta ji yaji ba."

"Ƙarya suke yi, 'yan banza! Citta da kanumfari na..."

"Kin gani? Dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun da na ji kina zagin Sabiru har da sallama na ce akwai magana." Ta laluba ta kamo hannun Hure. "Mai ƙishirwa ya roƙe ki ruwa kin ba shi. A littafin wane malami aka rubuta wannan a zunubi? Kin yi faɗa da mijinki, kin yi da nawa, kin yi da mai awo, kin yi da ni. Duk mun huta, muna samun Juma'a. Amma akwai wata baiwar Allah da ba ki taɓa ɗaga wa ƙafa ba, ita ce Hure. Tsohuwa ce, gwiwarta na ciwo. Ki ƙyale ta ta ci tuwo."

Hure ta share fuska da gefen mayafi, ta kira Ramlat da ƙarfi ta dawo da kwanon. Ta ci tana cewa gishiri ya yi kaɗan. Ta cinye tas.

Washegari mai unguwa ya zo dubiya, Sabiru na bayansa. Aka gyara wa Zulai lulluɓi suka shigo. Sabiru ya tsuguna can nesa kusa da turken awaki, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Hure ta kafa masa ido. Ya buɗe baki, ya dubi ƙasa, ya sake cewa Allah ya ƙara sauƙi.

"Mai unguwa," in ji Zulai, muryarta ƙasa-ƙasa, "matso ka zama shaida. Kai ma Sabiru ka ji. Na ba Hure ɗorawata, kyauta, tun ina da rai."

"Wace ɗorawa kuma, Zulai? Ai an..."

"Kututturen yana nan ko? Da saiwarsa? To, shi. Ni na yafe nawa, duniya da lahira. Nata kuma, ku da ita."

Mai unguwa ya dubi Hure, ya dubi Sabiru, ya ce, "Inna lillahi. Zulai, me muka yi miki?"

"Matar nan in ba ta da wanda za ta yi wa faɗa, ba za ta kai damina ba. Ni kuma ba na son ta biyo ni da wuri, ina so in ɗan huta."

Har Sabiru sai da ya murmusa. Hure ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka dai ji, Uwaisu. Yanzu ni ce mai itace."

Ranar Alhamis da hantsi Zulai ta ce a fito da ita rumfa. Ramlat ta riƙe kanta a cinya, Hure na wajen ƙafafu. Kaji na tono a gindin turmi, daddawa na shan rana a kan tabarma, an jera ta baƙi-baƙi. Zulai ta daɗe tana kallonta.

"Kar ku bari ta kwana a waje," ta ce.

"Wa ya koya miki daddawar ma?" in ji Hure.

"Ba ke ba."

Ramlat ta fara kalmar shahada a hankali, Zulai ta bi ta har ƙarshe. Ta ja numfashi, ta sauke, kamar wadda ta sauke tulu a bakin randa. Hure ta jira na gaba. Bai zo ba. Ta miƙe da kyar, ta shafe mata ido, ta ja zane ta rufe ƙafafun.

Ita ta yi mata wanka. Bayan azahar maza suka ɗauka, Sabiru na riƙe da gaban makara.

Kwana biyu bayan sadakar uku, ma'aikatan Alhaji suka iso gonar da igiya da turaku. Suka tarar da tsohuwa zaune a kan kututture, faɗinsa ya kai tabarmar sallah. Ta shimfiɗa buhu, ta sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta kafa lema a jikin sandarta. Ga kwanon ɗumame a gefe, tana ci a nutse.

Babbansu ya matso. "Sannu Inna. Za mu ja igiya ta nan."

"Ja abinka. Ƙasar Alhajinku ce, ban hana ba. In ka zo nan ka kewaye."

"Ai tsakiyar falo ne nan, a takarda."

"To ka gaya masa zai yi baƙuwa a falo."

Mutumin ya dubi 'yan'uwansa, ya ciro waya. Hure ta gutsuri ɗumame, ta dangwali miya. Wata ƙadangaruwa ta hau gefen kututturen ta tsaya a inuwar lemar. Hure ta ɗan janye zanenta ta ba ta wuri.

"In ka gama da Alhaji," ta ce, "ka aika a kira min Sabiru. Ina nan zaune. Ya zo ya tsaya a nan, ya faɗa da bakinsa ɗorawar nan ta wace ce."