Ginin Tsallaken Titi

Ranar Litinin ce, ana yayyafi, injiniya ya tara mu a gindin tsani ya ɗaga wayarsa. Akwai wani shafi a intanet da ke auna saurin aikinmu da na sauran gine-ginen kamfanin. Namu ja ne, na tsallaken titi kore.

"Duk waɗanda Juma'a ta same su a ja, su kwashe shebur ɗinsu su kama gabansu," in ji shi.

Yayana ne babban magini a tsallaken, kuma tankin ruwa ɗaya muke amfani da shi. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Ƙane, in kun gama barcin, ku zo mu koya muku jera bulo!"

Washegari Guntu, mai kwaɓa mana siminti, ya janye tiyon ruwan zuwa ɓangarenmu ya zauna a kai. Yaya ya tsallako da mutanensa. Ban san wanda ya fara ɗaga shebur ba, amma tankin ne ya fara fashewa.

Ranar Juma'a duka gine-ginen biyu suka yi ja, aka sallame mu gaba ɗaya. Mun yi asarar tanki ɗaya, buhun siminti tara, haƙoran Guntu biyu, da yayana, wanda har yau ba ya amsa gaisuwata.