Gadon Igiya na Inayat

Ranar da aka buɗe katafaren kantin kayan ɗaki a bayan garin Lahore, wani mai barkwanci ya rubuta a jarida cewa an samo maganin cutar samarinmu masu gemu da ɗangalallen wando, waɗanda ba sa shan gahawa sai a kan tsohuwar kujera mai gurguwar ƙafa. Kowa ya yi dariya. Ni dai na koyar da tarihi har na yi ritaya, ban taɓa ganin maganin da ya tsaya iya kan ciwo ba.

Jikana Zaryab yana cikin masu cutar. Shi da abokansa suna da shagon gahawa, kuma bara ya ari gadon igiya na mijina Inayat, wai don ado. A kan gadon nan aka haifi Inayat, a kansa aka kai mahaifinsa kushewa kamar yadda ake yi a ƙauyensu, shi ma wasiyyarsa ke nan. Da na leƙa shagon, sai na tarar an rataye shi a rufi, a kife, an sarƙafa masa fitilu.

"Kai ja'iri, wa ya mutu?" na ce. "Ana kifa gado ne ba a yi rashi ba?"

"Haba Kaka, wannan ai fasaha ce."

"Fasahar gidanku. Sauke shi."

"Gidanmu ai naki ne, tsohuwa. Bari damina ta wuce."

Na ƙyale shi. Ko a kife yake, na san inda yake.

Sai magani ya kama su. Kafin sanyi ya shigo masu gemun sun gaji da tsofaffin kaya, yayi ya koma farin tebur mai siririyar ƙafa, wanda ake sayowa a sabon kantin nan cikin kwali mutum ya haɗa da kansa. A lokacin ne ƙodar Inayat ta gaza, likita ya ce mu koma gida da shi.

"Nuzhat, yaron nan ya dawo da gadon?" Kullum da safe tambayar da Inayat yake yi mini ke nan.

Na hau keke mai inji na je. Shagon ya yi fari fat kamar asibiti, Zaryab ma ya aske gemu.

"Ina gadon?"

Ya sunkuyar da kai. "Masu gyara ne suka kwashe tsofaffin kaya, ba na nan. Wallahi Kaka na bi sawu. Mai tanderun gurasa suka sayar wa, a matsayin itace."

"To, Allah ya sa gurasar ta gasu," na ce, na juya.

Washegari ya zo da sabon gado cikin kwalaye, ya wuni yana haɗawa yana zufa, muka mayar da kakansa kai. Inayat ya ƙwanƙwasa gefen da yatsa.

"Wannan ba katako ba ne, ɗan nan. Dusa ce aka matse."

Ya juya fuska ga bango. Bai ƙara tambayata ba.

Ran Talata ya cika. Bayan an yi masa sutura, maza suka so su cika ko da rabin wasiyya, suka kama sabon gadon ta kusurwoyi. Ba su kai ƙofar ɗaki ba ya tsage a tsakiya, da ƙyar suka tallabe gawar. Aka aika masallacin unguwa aka ɗauko makarar ƙarfe ta kowa da kowa. Zaryab ya sa kafaɗa a gaba. Ina tsaye bayan labule, ina jin kukan ƙarfen har suka sha kwana.