Kwat ɗin Mainasara a Tulin Gwanjo

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, samarin Yelwa da yawa suka kwashi takardunsu suka nufi Birnin Kebbi neman aiki. Mainasara na cikinsu. Ya je ya dawo, ya koma ya dawo, har takalminsa ya cinye. Daga nan ya zauna gida, shi da matarsa Jummai da 'yarsu Salma, suna ci daga tukunyar uwarsa. Uwar, Barakatu, bandar kifi take yi, kuma ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. Uban ne, Malam Haliru tela, abin yake ci wa rai.

"Namiji da gemu, kullum hannu a buɗe," ya ce wata safiya a tsakar gida, a gaban surukarsa. "Daga yau na ɗauke hannuna. Ke kuma in kinka ƙara ba shi ko sisi a ɓoye, ban yahe ba."

Ranar kasuwa Mainasara ya shiga jirgin ruwa, ba wanda ya san inda ya sauka. Damina ta yi nisa, babu shi babu saƙonsa. Ana cikin haka labari ya zo cewa wani jirgi ya daki kututture ya kife wajen Wara, har an binne wasu gawawwaki a bakin ruwa ba a san danginsu ba. Barakatu ta toshe kunnenta, ta ce ɗanta ba can ya nufa ba.

Tari ya kama Salma, sai Barakatu ta je wurin Gidaɗo mai gwanjo, kusa da tashar jirage, don ta nemo mata rigar sanyi. Tana tonon tulin kaya hannunta ya faɗa kan wata kwat mai ruwan ƙasa. Ta jawo ta, ta gane ta nan take. Ita ta saya wa Mainasara wannan kwat don ya shiga ofisoshi da mutunci. Ga inda wutar bandarta ta ƙone hannun rigar, ga facin da ubansa ya yi. Ba ta da ƙamshin nan na kayan dila, ƙarnin ruwa take yi. Ta sa hannu a aljihu, ta ji yashi.

"Gidaɗo, ina ka samo wagga riga?"

"Ba daga dila ta hito ba, Inna. Kasuwar Wara na saye ta, hannun wani masunci ɗan wata tunga."

"Mai ita fa?"

Gidaɗo ya dubi fuskarta, ya sauke murya. "Wallahi ban tambaya ba."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Malam Haliru na kan keken ɗinki ta ajiye masa rigar. Ya juya hannun, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ƙafarsa ta sauka daga kan keken. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Kada Jummai ta gani. Gobe mu tahi."

Da safe suka shiga jirgin inji cike da buhuna da awaki, suka bi ta babban tafki. Barakatu ta girma a bakin ruwa, amma ranar nan duk abin da ta hango yana yawo sai ta ga kamar bayan mutum ne. Mijinta na gefenta yana jan carbi. Ta so ta ce masa shi ya jawo, ta duba ta ga ya riga ya faɗa wa kansa.

A Wara aka kwatanta musu tungar masuncin. Suka bi hanyar ƙafa ta cikin gonakin gero. Kafin su kai bukkokin sai ga sababbin kaburbura a kan tudu, an lulluɓe su da ƙaya. Barakatu ta durƙusa a gabansu. Da ƙyar Malam Haliru ya ɗaga ta.

Wata tsohuwa mai suna Asibi suka tarar tana kwashe ƙananan kifin nan warangi daga shanya, don hadari ya haɗo ta gabas. Barakatu ta miƙa mata rigar.

"Ai ta baƙonmu ce ɗan Yelwa," in ji Asibi. "Ɗana ya karɓe ta, ya ba shi hatsi da tabarma. Sai ta yi mai kaɗan, ya kai ta kasuwa."

"Shina da rai?" Malam Haliru ya tambaya.

"Da rai ya hita da sahe. Sun tahi jan taru." Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi sama. Sannan ta ce, "Ya kamata a ce sun dawo."

Iskar ta sauko kafin su kai gaɓa. Tafkin ya yi baƙi, igiyar ruwa na dukan yashi, matan tungar sun jeru suna kiran sunayen mazansu. Kwale-kwale ya fara shigowa, wani na bin wani, ana rugawa a ja shi. Duk wanda ya iso sai Barakatu ta leƙa fuskokin, babu tasa. Ruwa ya kece har ba ta ganin abin da ke gabanta. Malam Haliru ya shiga tafkin har ƙugu, babbar rigarsa ta manne masa, yana ƙwala kiran ɗan da ya kora.

Na ƙarshe ya shigo a karkace, rabi cike da ruwa. Mutum biyu na tuƙi, na ukun yana kwarfar ruwa da ƙwarya kamar mahaukaci. Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk igiya ta yanke.

A bukkar Asibi suka zauna gefen wuta. Barakatu ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Da ta samu numfashi sai ta kwance bakin zaninta a gaban mijinta, ta tura wa ɗan abin da ke ciki. Malam Haliru ya kau da kai, bai hana ba.

"Tashi mu koma gida," ta ce. "Ko mi ka ci, ni ka ba ka."

"Inna, bari," in ji Mainasara, ya mayar mata. "Nan in na ja taru ina da rabona. Ban iya ruwa ba tukuna, amma ana koya min."

"Ruwan da ya kusa cinye ka yanzu?"

"Shi."

Ta juya ga mijinta. "Malam, ka yi magana mana!"

Malam Haliru ya dubi ɗansa. "Ni na ce ka nema, ban ce ka mutu ba," ya ce. "In ka dawo, ƙofa a buɗe take. In ka zauna, Allah shi tsare. Amma ka riƙa aiko da saƙo, don girman Allah."

Mainasara ya zauna. Uban ya koma Yelwa kashegari don ya kwantar wa Jummai da hankali, tare da alkawarin za a kawo ta da Salma in ruwa ya ɗauke. Barakatu kuwa ta ce sai kasuwa mai zuwa. Ta karɓi bandar Asibi tana gyara musu kifi, amma da ta ga gajimare ya taso sai ta bar wutar, ta gangara gaɓa ta tsaya cikin matan tungar har jirgin su Mainasara ya taɓa yashi.